Masu Kallon Gidan Inna Saude

"Aje turmin nan, Maiguwa. Aje shi inda ka iske shi."

Muryar Inna Saude ce na jiyo ta saman katanga, ina tsakar saƙar tabarma. Na yar da kaba na leƙa. Maiguwa dillali ya rungumi turmi kamar jariri, zufa na zubo mashi, ita ko tsohuwa tana zaune bakin ɗakinta, ƙafafu a kumbure, sanda bisa cinya.

"Inna, ɓoye shi kawai za a yi. Mai saye in ya shigo, fili yake son gani."

"Shi mai sayen ba ya cin tuwo?"

Shekara talatin muna maƙwabtaka da ita nan Madawa, ban taɓa ganin wanda ya kada ta da magana ba. Autanta Sha'ibu, shi ɗai ya rage mata, shina aiki Yamai. Ya zo da maganarshi a ƙulle: a saida gida, ya tafi da ita can kusa da manyan likitoci. Ba mugun yaro ba ne, kar in ɗauki alhakinshi, ciwon zuciyar nan nata ne ya firgita shi. Amma Inna ta rantse ɗakin da anka kawo ta amarya, daga nan za a fid da gawarta, ko ana ha-maza ha-mata.

Cikin kwana ukku Sha'ibu da Maiguwa sunka sake ma gidan kama. Awakinta sunka dawo wurina suna cinye mani kaba. Anka kwashe duwatsun murhu, anka tsinke igiyar shanya, anka baza sabon yashi tsakar gida. Maiguwa ya yi ta ɗaukar hoto da wayarshi ta portabul shina kauce ma inda take zaune. Da ya gama ya ja ni gefe.

"Habsa, don Allah ranar da masu kallo za su zo, ki ɗauke ta zuwa wurinki. Ganin marar lafiya na kashe ma mai saye jiki."

"Kai Maiguwa, ji tsoron Allah! Ita ma akuya ce?"

Ashe ta ji mu. Ranar Laraba tun hantsi ta sa na shimfiɗa mata tabarma cikin zaure, a gicciye, yadda ba mai shiga gidan sai ya tsaya a kanta.

Na farko wani Alhaji Abdallah ne, mai fataucin albasa daga Sabon Gida, da metir ɗin awo a hannu. Ya yi sallama, ya gan ta kwance. To, wane ɗan halal ne zai tsallake tsohuwa marar lafiya? Dole ya cire takalmi ya durƙusa.

"Sannu Inna, yaya jiki?"

"Da sauƙi. Ɗan wa ne kai?"

Ya faɗi.

"Kalla mai jakkai? Allahu Akbar! Ina Salma, ƙanwar kakarka?"

"Ta rasu, Inna."

"Allah ya jiƙan ta. Mu yi mata Fatiha."

Haka ta bi danginshi ɗaya bayan ɗaya, masu rai ta gaishe su, matattu a shafa masu Fatiha. Maiguwa na tsaye bakin ƙofa shina ta duban agogo, ni ko ina cizon bakin zane don kar dariya ta ƙwace mani. Sai da anka kira azahar sannan ta ce:

"To tashi ka auna, ɗana. Ka fara da ɗakina. In ka gama ka zo ka auna ni, a san tsawon likkafani."

Alhaji ya naɗe metir ya sa aljihu. Ya aje mata goro gefen tabarma, ya fita ko waiwaye bai yi ba. Na biyu ma haka, na ukku ko zama bai iya ba, daga gaisuwa ya juya.

Ranar Jumma'a Sha'ibu ya durƙusa gabanta, ina nan ina dama mata fura.

"Inna, so kike ki mutu nan ba magani?"

"So nike in mutu nan. Sauran maganar kai ka ƙara."

Hawaye sunka zubo mashi. Ta ɗora hannu bisa kanshi.

"Auta, ban hana ka saidawa ba. Jira in fita tukuna. Ba daɗewa zan yi ba."

Wallahi sai da ludayi ya faɗi daga hannuna. Na ce a raina yanzu kam zai bari. Ina! Maiguwa ya riga ya samo wani baƙo daga Ƙonni, wanda Inna ba ta san ko kakanshi ɗaya ba, zai zo Asabar da la'asar. Ranar da safe sunka kawo masu shafe, anka malale bangon waje da zaure da farar ƙasa, ƙasan zauren duk ya jiƙe, babu inda za a shimfiɗa tabarma. Dabararsu ke nan.

Inna ba ta ko tambayi zaure ba. Tana kwance ɗakinta, numfashi na fita da ƙyar.

"Habsa, turo ƙofar nan. Ki zauna."

Na zauna na riƙe hannunta, ina yi mata kalmar shahada tana bi. Kafin azahar Inna ta cika, bisa gadonta, cikin ɗakinta. Na rufe mata ido, na ɗaure haɓa, na fito na iske Sha'ibu shina nuna ma masu shafe inda sunka tsallake.

"Sha'ibu, sai haƙuri. Ka ce ma mutumin Ƙonni shi zo, ba mai tare mashi zaure."

Na faɗa, kuma har yau ban yi nadama ba. Ya zame ya zauna ƙasa, ya jingina da bangon waje, bai motsa ba har munka gama wanka da sutura.

Motar baƙon ta iso daidai ana fitowa da makara. Ya sauko, ya dubi jama'a, bai tambayi kowa komi ba, ya nemi buta ya shiga sahu. Ni ina daga cikin zaure tare da mata muna kallo sunka ɗauke ta. Sha'ibu na biye da makarar, bayan shuɗiyar rigarshi fari fat tun daga kafaɗa har ƙugu, kuma ba wanda ya kakkaɓe mashi har sunka sha kwana.