Karen da Darmini Ta Bayar

Tun da Darmini ta ba da karenta Salak jiya da hantsi ba ta ƙara samun zama ba. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan ta manta me za ta yi da shi. Yau da safe da ta fito ajiye ɗan faifan furanni da turare na ibada a ƙofar gida, kamar yadda kowace mace take yi a tsibirin Bali na Indonesiya, sai ta tsaya tana jiran ya zo ya sace lomar shinkafar da ke kai. Shiru. Wata farar karya ce ta zo ta lashe ba ko kunya.

Mijinta Sudirga yana zaune a dakali yana kurɓar kofi yana kallonta.

"Yo ba ke kika ce gida ya cika ba? Ba ke kika ce maƙwabta sun kai ƙararki wurin mai unguwa ba? An rage miki ɗaya, kin tashi kina zagaye kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai."

"Sha kofinka, malam. Wa ya sa da kai?"

Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta ji haushi. Gidan ya cika. Duk karen da mota ta taka, duk wanda aka watsa wa ruwan zafi, duk ɗan kwikwiyon da aka ƙulle a buhu aka jefar bakin kasuwa, ƙarshensa tsakar gidan Darmini. Ta yi jinya, ta ciyar, ta bi mutane da magiya su ɗauka. Shi Salak a magudanar gonar shinkafa ta tsince shi, yana ɗan mitsitsi, an ɗaure masa waya a wuya har ta nutse cikin nama. Wata da watanni bai yarda hannun mutum ya kusance shi ba. Ta sha cizo, ta sha allura, ta sha gorin Sudirga. Da kan kifi da haƙuri ta shawo kansa, har gashi ya rufe tabon, har ya koyi bin igiya yana kaɗa wutsiya.

Wanda ya karɓe shi kuwa ba baƙo ba ne. Pan Retig ne, dattijon da ke sauko da lemo daga kan dutse, wanda ya shekara da shekaru yana cin shinkafa a rumfarta duk ranar kasuwa. Watan jiya ɗansa ya faɗo daga bishiyar kanumfari a tsakar gidansu, ko shurawa bai yi ba. Jiya dattijon ya zo ya ce gida ya yi masa shiru, yana son kare. Ta nuna masa wannan ta nuna masa wancan, ya ce a'a, wancan jan dai. Ita kuwa, baiwar Allah, har daɗi ta ji, wai jininsu ya haɗu.

Ta ɗora tukwane a babur ta tafi kasuwa. Ko wuta ba ta hura ba Men Lodri mai sayar da furanni ta leƙo daga rumfar gefe, baki har kunne.

"Kai, ƙawata, ashe ke ce kika fitar da su kunya! Na ce wa mutane, matar nan duk haukan karnukanta akwai zuciya."

"Su wa?"

"Su Pan Retig mana. Furannina kaf suka kwashe jiya. Yau ake tsarkake gidan, ai kin san jini ya zuba a ciki. Agwagi sun samu, alade sun samu, kare ne ya gagara. Sun yi yawo har ƙafa ta kumbura, ja mai baƙin hanci da baki ya yi wuya yanzu. Sai ga shi a gidanki!"

Ludayin ya faɗi daga hannun Darmini.

Ja, bakinsa baƙi. Wace 'yar Bali ce ba ta san cewa irin wannan kare ake yankawa wajen tsarkake gida ba? Ƙaramar yarinya ma ta sani. Amma ita ta daɗe da daina ganin launinsa. Wuyan da ke ruɓewa ta gani, sai kunnen da ke karkacewa in ta kira shi. Wawuya, ta ce wa kanta, babbar wawuya! Da hannunki kika ɗaura masa igiya, har da ƙunsa masa kan kifi na hanya.

"Lafiya? Ba ki sani ba ne?" in ji Men Lodri, murmushin ya fara gudu daga fuskarta.

"Duba min tukwane."

"Darmini! Ke Darmini, kada ki je ki yi abin kunya a gidan makoki!"

Ina, ta riga ta tayar da babur.

Hanyar dutse ba ta san sauri ba. Manyan motocin yashi suna tafe kamar ba sa so, suna tofa mata baƙin hayaƙi, ga kwana bayan kwana. Ta danna hon, ta zagi direba, ta kutsa ta gefen rami. Gonakin shinkafa suka ƙare, aka shiga na lemo da kabeji, iska ta yi sanyi, hazo ya sauko yana jiƙa mata fuska. Zuciyarta ba ta bar ta ta huta ba. Sau nawa ta ɗauki tire a ka ta je irin wannan tsarki? Sau nawa ta ga fatar kare a shimfiɗe a ƙasa, da kai da ƙafafu, furanni kewaye, ta haɗa tafin hannu ta yi addu'arta ta koma gida ta ci abinci? Ba ta taɓa tambayar na wane ne ba. Kakarta ta ce dabbar da aka miƙa ta yi sa'a, a rayuwa ta gaba sama za ta hau, ƙila ma ta dawo mutum. Darmini ta yarda da wannan, har yau ta yarda. To me ya sa hannunta yake ƙara murɗa mai?

Ba ta sha wahalar gane gidan ba. Babura sun cika bakin hanya, ƙarar ƙararrawar mai jagorantar ibada tana fitowa ta kan katanga. A ƙofa wata tsohuwa ta tare ta, ta dube ta sama da ƙasa: zanen kasuwa, ƙarnin soyayyen kifi, ba ɗamarar shiga wurin ibada a ƙugu.

"'Yar nan, haka za ki shiga? Ina ɗamararki?"

Darmini ta fizge tawul ɗin da ke kanta ta ɗaure ƙugu da shi. "Ga ta, Inna." Ta wuce.

Ana cikin zagaye da dabbobin. Maza cikin fararen kaya suna tafe a jere, wannan da agwagwa a hammata, wancan da ɗan alade a kwando, mata suna yayyafa ruwan tsarki. A ƙarshen layi ga Salak. An yi masa wanka, an ɗaura masa farin ƙyalle a ciki, an maƙala masa fure a igiya. Yana tafe abinsa yana kaɗa wutsiya, yana shinshina ƙafar mutumin da ke jansa. Wannan ne ya fi ƙona mata rai. Da a bara ne, wa ya isa ya taɓa shi? Da ya yage hannun mutum ya tsallake katanga. Ita ta cire masa tsoron.

Ya hango ta. Ya yi wani kuka ya fizgi igiya, layi ya wargaje, agwagwa ta kuɓuce tana fuka-fuki. Ƙararrawa ta tsaya.

Pan Retig ya taso daga tabarma. Ya rame, farin rawanin kansa ya yi masa yawa.

"Darmini," ya ce a hankali. "Zo mu koma gefe."

"Ba inda zan koma, Baba. Gida ya yi maka shiru, ko? Haka ka ce min. Ka zauna a bencina, ka ci shinkafata, ka dubi idona ka ce gida ya yi maka shiru!"

"Ƙarya na yi? Saurara ki ji gidan." Ya nuna gindin bishiyar kanumfari, inda aka kewaye da ganyen kwakwa. "Nan ya faɗo. Ni na ɗaga kansa. Tun ranar ba wanda ya taka wurin, ba wanda ya yi barcin kirki. Dubi matarsa."

Darmini ba ta so ta duba ba, amma ta duba. Yarinya ce ƙarama, zaune a bakin rumfa, ciki ya tsufa, idanu sun zurma.

"Haihuwa yau ko gobe," in ji dattijon. "In bar jikana ya faɗo a ƙasar da ba a wanke ba? Na je ƙauyuka, na je bakin teku, ban samu ba. Da na faɗa miki gaskiya za ki ba ni?"

"Ba zan bayar ba."

"To kin gani."

Wani daga cikin mazan ya yi tsaki. "Kan kare fa! Mata, a kan kare za ki tsayar da tsarkin gidan mutane? Gobe ki leƙa bola ki ɗebi goma."

"Kai ka leƙa, ƙila ka ga danginka," in ji Darmini, ko kallonsa ba ta yi ba. Salak ya iso ya cusa kai tsakanin gwiwoyinta, farin ƙyallen ya zame gefe.

Sai Jero Mangku, tsohon da ke jagorantar ibadar, ya ajiye ƙararrawarsa. Bai ɗaga murya ba.

"Retig, matar nan ta san abin da za a yi da shi lokacin da ta ba ka?"

Pan Retig ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake."

"Ba ta sani ba, Jero."

Tsohon ya dubi karen. Sannan ya girgiza kai. "Ni dai ba zan wanke gida da abin da aka karɓo da wayo ba. A kwance masa ƙyallen. A nemo wani kafin rana ta karkata, in an wuce yau sai wani watan."

Aka miƙa mata igiya. Ta zaci za ta ji sanyi a ranta, ba ta ji ba. Duk tsakar gidan ita ake kallo, kuma ba kallon ƙiyayya ba ne, da ma shi ne da ya fi sauƙi. Pan Retig ya juya baya, kafaɗunsa suna motsi. Samari suka ciro wayoyi suna kiran nan da can. Da ta zo wucewa ta gaban rumfa, matar mamacin ta ɗago kai.

"Ki gaida gida, Inna," ta ce. "Karenki kyakkyawa ne. Jiya a ƙafata ya kwanta."

Darmini ta fita ƙofar gida. Ta ɗauki Salak ta ɗora shi a gaban babur tsakanin ƙafafunta, ta gangara.

Ba gudu yanzu. Hazo ya ɗaga, rana ta fito, Salak ya miƙa hanci cikin iska, harshe a waje, ko a jikinsa. Tana tafe tana yi masa faɗa. "Kai ma sakarai ne. Kowa ya miƙo hannu sai ka bi? Wa ya koya maka?" Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta goge ido da bayan hannu. Ta tsaya bakin wata rumfar shayi ta roƙi ruwa ta ba shi a tafin hannu. Ta zauna, ta tashi, ta sake zama. Mai shayi ya tambaye ta ko jiran wani take, ta ce a'a. Ta daɗe a wurin, ita kanta ba ta san me ya hana ta tafiya ba.

A wata siririyar gada can ƙasa, inda babur biyu ba sa wucewa tare, ta ci karo da wani mutum yana hawowa. Ta ja gefe ta ba shi hanya. Kwandon kaji ne ɗaure a bayan babur ɗinsa, an rufe da buhu. Da ya zo daidai ita ya rage gudu, ya dubi Salak, ya washe baki.

"A'a! Yaya, ke ma can za ki? Ai kin makara, ni aka kira. Nan ce hanyar gidan Pan Retig ko?"

Buhun ya motsa. Wani ɗan baƙin hanci ya leƙo ta ramin kwandon, sai jan kunne. Ɗan kwikwiyo ne, ko yaye bai gama ba, duk ƙashin haƙarƙari a waje.

"A ina ka samo shi?" ta ce. Muryar ba kamar tata ba.

"Bayan kasuwar kifi. Ba mai shi, uwar ma mota ta take ta. Ya yi sa'a, ko ba haka ba?"

Darmini ta miƙa yatsa ta ramin kwandon. Ɗan kwikwiyon ya shinshina, ya kama yatsan yana tsotsa. Ta tuna idanun yarinyar nan mai ciki. Ta dubi Salak, yana lasar mata gwiwa. Kai, duniya! Ta so ta fizge kwandon, ta so ƙasa ta tsage ta shige, ta tsani mutumin nan, ta tsani Pan Retig, ta fi tsanar kanta.

"Yaya, sauri nake. Nan ce hanyar?"

Ta zare yatsanta a hankali.

"Nan ce," in ji Darmini. "Ka miƙe, in ka wuce gonar kabeji ka yi dama."