Gicciye a Ƙirjin Mudassir

"Kai za ka yi mini wanka, ya Hajji. Kai kaɗai," in ji Mudassir. Ya damƙe hannun rigata, numfashinsa kamar ana jan zarto.

Ni da na fito da raina daga turmutsitsin Mina, ni da aka kwasa aka mayar Kano na sake dawowa unguwar Jarwal ta Makka, ban taɓa zama gaban malami ba, amma gawar da na wanke sai Allah. Me zai ba ni tsoro?

Mudassir maƙwabcina ne, baƙar fatar Amurka. Sojan ƙasa ya yi a yaƙin Biyetnam, nakiya ta tsinke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Da ya musulunta ya zo Makka, ya auri Hajo 'yar garinmu, Allah ya jiƙanta. A bakinta ya koyi Hausa.

Ya ɓalle maɓallin jallabiyarsa. Ga gicciye nan a ƙirji, zanen allura, shuɗi, fatar gefensa duk tabon ƙuna.

"Kafin a tura mu daji muka yi, ni da abokaina. Ni kaɗai na dawo. Dutsen guga na ɗora masa, ya ƙi fita." Ya yi tari. "Kada ɗana Nawaf ya gani. Kada ya tsaya a Harami yana tunanin kafiri yake wa salla."

"Halas, shi ke nan," na ce. "Mai wanka ba shi da baki."

Ranar Alhamis bayan la'asar ya cika.

A ɗakin wankan gawa na kori ma'aikatan da tsawa ɗaya. Sai ga Nawaf daga unguwar Aziziyya, ko kayan tuƙin bas bai cire ba.

"Fita, ya walad! Fita, kai yaro!" na ce masa.

"Ammi," ya ce, wato baffa da Larabci, "ubana ne."

Ya naɗe hannun riga. Sai na kifa tafina a kan gicciyen, ina cuɗa gawar da hannu ɗaya, ruwa na bin gwiwar hannuna.

Nawaf ya kama wuyan hannuna, ya ɗaga a hankali.

"Ya ammi, a kan ƙirjin nan nake barci ina ƙarami. Da yatsa nake bin zanen."

Ya ɗebo ruwan kafur, ya yi bismilla, ya zuba. Ruwan ya ɗan kwanta a ramin tabon, sannan ya gangara.