Mutanen Mudasiru

Sabo direba ne a Doha, babban birnin Qatar, mutumin Funtua, kuma shi ya yi wa ƙanensa Mudasiru hanya har ya samu aikin gadi a wani otal a Lusail, kusa da Doha. Ɗaki ɗaya suke kwana a unguwar Mesaimeer. Mudasiru mutum ne mai fara'a da son ƙwallo, ga surutu, har Sabo kan ce masa ya bari ya ji da gajiyar tuƙi.

Wata safiya Mudasiru ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki. Kafin Sabo ya isa asibiti an riga an jona masa na'urar numfashi. Aka ce jijiya ce ta fashe a cikin kansa. Bayan 'yan kwanaki wata likita ta zaunar da Sabo, ta faɗa masa cikin natsuwa cewa ƙwaƙwalwar ta riga ta mutu, na'ura ce kawai take ɗaga ƙirjin. Ta bar shi ya yi kukansa. Sannan ta tambaye shi ko iyalinsu za su yarda a ba marasa lafiya ƙodojin Mudasiru da hantarsa.

Sabo ya tashi ya fita. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Yaron da ya ɗauko daga gaban mahaifiyarsu lafiya lau, yanzu a ce za a yanka shi a ƙasar mutane?

Washegari ya je unguwar Al Thumama ɗaukar Hajiya Ajaratu, wata mata 'yar Kumasi wadda ya fi shekara yana kai ta wankin ƙoda. Ya san yadda take shiga da ƙafarta, ta fito sai an riƙe ta. Da ta tambaye shi jikin ƙanensa, sai ya kwashe komai ya faɗa mata.

Ta ce, “Malam Sabo, ba zan ce maka ka yi ko kada ka yi ba. Ni mai jiran ƙoda ce, bakina ba zai yi adalci ba. Amma a ɗakin da ake mana wankin akwai wata yarinya da ba ta kai ƙanenka shekaru ba. Tun tana makaranta take zuwa.”

Bayan la'asar ya tsaya wurin limamin masallacin unguwarsu. Liman ya ce malamai da dama sun halatta, matuƙar kyauta ce don ceton rai, ba ciniki ba, amma maganar tana hannun mahaifiyarsa.

Kiran Inna shi ya fi masa wuya. Ba ta kiran sunansa don shi ne ɗan fari, Babba take ce masa. Ya yi mata bayani yana inda-inda, ita kuwa ta saurara har ya gama.

“Babba, za a yi masa wanka?”

“Za a yi, Inna.”

“A yi masa sutura, a sallace shi kamar kowa?”

“Kamar kowa. Ni zan tsaya a kai.”

Sai ta ce, “To abin da za a bar wa ƙasa ta ci, in zai tashi ɗan wata, a ba shi. Na san yadda uwa take ji a bakin gadon asibiti, ko da yake ni ban samu na zauna a bakin nasa ba. Allah ya kai masa ladan.”

Aka yi aikin, aka binne Mudasiru a maƙabartar Mesaimeer. 'Yan Najeriya da 'yan Zangon Gana suka cika sahu, har da abokan aikinsa na wasu ƙasashe.

A ɓoye Sabo ya so a ce Hajiya Ajaratu ce za ta samu. Ba ita ba ce; jininsu ma bai zo ɗaya ba. Ya ci gaba da kai ta wankinta, kuma ba ta taɓa nuna masa wata damuwa a kan haka ba. Asibiti ba su faɗi sunan kowa ba. Abin da likitar ta gaya masa daga baya shi ne mutum uku ne suka amfana, duk sun koma gida, ɗaya ma ya koma bakin aikinsa.

Ɗakin bai daina yi wa Sabo faɗi ba, kuma akwai ranakun da yakan faka mota a gefen hanya sai hawaye sun tsaya. Amma da ya kai wa Inna labarin mutum ukun, a ranar ya fara jin muryarta ta saki tun bayan rasuwar.

“Ba a san ko su waye ba?”

“Ba sa faɗa, Inna. Wataƙila ma ba yarenmu ɗaya ba.”

“Ba komai. Allah ya san su.”

Tun daga nan, in ta idar da sallah tana yi wa 'ya'yanta addu'a ɗaya bayan ɗaya, takan ƙara da mutanen Mudasiru, ta roƙa musu lafiya da tsawon rai. Ƙanwarsu Haulat ce ta ji ta, ta faɗa wa Sabo a waya.