Jar Mota a Gindin Rumbun Goggo

Jar motar ta kafe a taɓo daidai ƙofar gidan Goggo Baraka, bayanta na kallon rumbu.

Tsakiyar marka ce, a shekarun nan da kuɗin mai ya faɗo wa ƙasa, kowane ɗan kwangila ya fara jin ƙafarsa ta fi ƙarfin taka turɓaya. Alhaji Gide, ɗan ƙanen Goggo, ya samo aikin kwalbatoci tsakanin Yankara da Sabuwa. Kwalbatocin dai ana ta jira, amma mota ta iso garinsu, Tafoki. Doguwa, 'yar Amurka, in ta yi gurnani sai tumaki su tsinke igiya.

Tun ranar da ya kawo ta ya hana kowa sakat da labarinta. Wai tana da hankalin kanta. Wai akwai wani ɗan akwati kusa da injin, da zarar tayar baya ta fara santsi tana juyawa a banza, sai ya rage wutar, ko da ka take totur har ƙasa, ba zai sake ba sai taya ta kama. Har makunninsa ya nuna wa mutane, ga shi nan gefen sitiyari.

To, yau ga taɓo, ga mota, ga Goggo tsaye da muciya a hannu. Ruwan makon jiya ya kayar mata da danga, rumbun ya tsaya tsirara a bakin hanya. A ciki akwai ragowar dawar bara, wadda ta noma da hannunta a gayaunarta, ita ce za ta kai gidan zuwa kaka.

“Gide,” in ji ta, don ita ba ta taɓa ce masa Alhaji ba, “ka kau da wagga aba daga rumbuna.”

“Yanzu, Goggo. Ki kwantar da hankalinki.”

“Hankalina na cikin rumbun nan. Ka kau da ita.”

Maza suka naɗe wanduna. Aka zuba karan dawa da tsohuwar zana ƙarƙashin tayoyi, aka jera kafaɗu a baya. Alhaji ya taka. Motar ta yunƙura, taya ta yi santsi, sai injin ya yi tuf-tuf kamar tsoho ya ƙware da fura. Ya sake takawa, ta sake tari. Amma duk tarin da ta yi sai ta ɗan matsa gaba, taki ɗaya, taki biyu. Fita take yi, a hankali, irin fitar kunkuru.

Da an bar ta, da yanzu babu wannan labari. Amma Mani na wurin.

Mani ɗan Goggo ne, wato taubashin Alhaji, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin taubasai: ya faɗa maka duk abin da ya zo bakinsa a gaban jama'a, kai kuma in ka yi fushi kai ne abin dariya. Bai sa hannu a turi ba. Ya jingina da tagar direba yana cin goro.

“Bawana, mi ya samu amaryar taka? Mura take yi?”

Alhaji ya yi murmushin da bai kai ido ba.

“Jama'a, ku ji fa! Yana ce mata tafi, tana ce mashi a'a. Ashe ita ce maigidan. Kai Gide, akori-kurar Rabo da ta girme ka, in aka ba ta wuta nan sai ta yi tsalle. Ko akwatin nan za mu roƙa ya ba ka izini?”

Masu turi suka fashe da dariya har ƙarfinsu ya tafi. Wuyan Alhaji ya kumbura, jijiyar goshinsa ta miƙe. Mani ba ya zaguwa, ba ya maruwa. Makunni kuwa ga shi nan kusa da yatsa.

Ƙas! Alhaji ya danna makunnin ya kashe akwatin, ya take totur har ƙasa.

Wayyo! Motar ta yi wata ƙara da aka ce har a gonakin bayan gari an ji. Tayoyi suka tone kara da zana suka watso baya, suka yi wa masu turi wanka da taɓo, limamin unguwa ma da ke gefe bai tsira ba. Sai taya ɗaya ta ci karo da tsandauri ta kama, ɗayar tana can tana iyo. Bayan motar ya juyo kamar saniya ta kai wa ƙuda duka da wutsiya.

Ya doki duwatsun da rumbun ke zaune a kai.

Rumbun ya ɗan tsaya kamar yana shawara. Daga nan ya durƙusa, ya tsage, jinka ta faɗo, dammunan dawa suka zubo cikin caɓi. Ga hadari kuma ya haɗo daga gabas.

Mani ne ya fara shan muciya, a gadon baya, sau biyu.

“Kai da bakinka! Ka ci tuwon rumbun nan da safe, ka zo ka rushe shi da rana!”

Ta juya kan Alhaji, wanda ya fito babbar rigarsa na jan laka.

“Goggo, don Allah... gobe-goben nan zan aiko da shinkafa 'yar waje, buhu-buhu...”

“Shinkafa na shuka? Ka tambayi ubanka wa ya goye shi. Ƙarfe ya ce maka a hankali, ƙarfe, Gide! Kai ka fi ƙarfin a ce maka a hankali. Ba ni mabuɗi.”

“Goggo?”

“Mabuɗi na ce. Ruwa zai sauko, dawata ba za ta kwana a waje ba.”

Ya kalli jama'a, kowa ya kau da kai yana share taɓo daga gemu. Yayar uba ce. Ya miƙa.

Aka buɗe ƙofofin motar huɗu da but ɗin baya. Mata suka fito, aka yi ta tsamo dammuna ana kakkaɓewa ana jerawa a kan jajayen kujerun nan masu laushi, har rufi. Alhaji da Mani su ne 'yan dako, ba mai kallon wani. Goggo ta ce motar tana nan sai ranar da suka gina mata sabon rumbu ya bushe. Kuma wa ya taɓa ganin ginin laka ya bushe a marka?

An fara yayyafi lokacin da ta zo rufe ƙofar ƙarshe. Sai ta tsaya, ta leƙa wajen sitiyari.

“Wanga ne makunnin?”

“Shi ne, Goggo.”

Ta sa yatsa ta mayar da shi yadda yake, ta kulle ƙofa, ta ɗaure mabuɗin a bakin zane.

“Gara a bar mata hankalinta,” in ji ta. “Ita ke gadin abincinku yanzu.”