Ragowar Fenti

Mai Fenti mutum ne da ba ya iya ganin bango ya lalace ya wuce. Ko gaisuwa ya je gidan mutane, sai ka gan shi yana ɓantarar tsohon fenti da farce. Matarsa ta sha ce masa, "Baban yara, wannan ciwon naka ba shi da magani."

Shekararsu tara a ciki da falo, a wani gidan haya mai ɗakuna shida da famfo ɗaya a tsakar gida. Ran nan ya gama aiki a gidan wani attajiri, aka bar masa ragowar fenti. Da wani ne, sayarwa zai yi ya rage zafi. Gogan naka kuwa ya kinkimo abinsa sai gida. Ya toshe duk tsagar da ke bango, ya goge, ya shafa shuɗi mai haske, har ƙofa da taga bai bari ba. Matar da ke masa tsiya ita ta fara kiran ƙanwarta ta zo ta ga ɗaki.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mai gidan hayar, wanda ya shekara bai leƙo su ba, ya zo duba famfo. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya daɗe yana gyaɗa kai. Bayan mako guda dillalinsa ya kawo takarda: kuɗin haya ya ninka.

Mai Fenti ya sami mai gidan a shagonsa. "Yallaɓai, da hannuna fa na gyara ɗakin nan, da fentina."

"Ai shi ya sa," in ji mai gidan. "Ɗaki irin wannan, yau in na yi magana mutum goma za su zo. Komai ya tashi, ni ma ba tsinta nake yi ba."

Mako biyu Mai Fenti yana zaga unguwanni. Ɗakin da ya samu daidai ƙarfinsa yana can bayan gari, ba ruwa ba wuta, 'yan matansa biyu kuma sai sun hau mota biyu kafin su kai makaranta. Ga aiki ya yi wuya. A wannan marra wa ke kiran mai fenti? Kowa ta cikinsa yake yi.

Sai mai gidan ya aika aka kira shi. "Ga sauƙi. Ka yi wa sauran ɗakunan biyar irin naka, ni zan sayi fenti. Kai kuma ka zauna a tsohon kuɗinka."

Mai Fenti ba yaro ba ne, ya san takardar da za ta biyo bayan fentin. Ya tuna maƙwabtansa, musamman Goggo mai wankau, tsohuwar da ke ɗakin kusa da famfo, wadda ta yi jinyar matarsa lokacin haihuwar autarsu. Da ya faɗa wa matar tasa, sai ta ce, "Ni ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba. Amma ina za mu kai yaran nan?"

Ya karɓi aikin. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma ya karɓa.

Ɗakin Goggo ya bari a ƙarshe. Kafin ya iso kanta, dillali ya riga ya raba wa kowa takardarsa. Ranar da ya shiga da tsani, ya tarar ta tattara kayanta a tsakiyar ɗaki ta lulluɓe da tsohon zanen gado. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Goggo, ki yafe mini. Wallahi ni..."

"Kai, rufa mana baki," ta ce. "Da ka ƙi, wani zai kira, ku ma ku bi mu titi. Ƙanena ya ce in je in raɓa a wajensa." Ta ɗaga kai ta dubi bangon da hayaƙi ya cinye. "Wane launi za ka sa mini?"

"Wanda kike so, Goggo."

"Shekara ashirin ina roƙon mutumin nan ya shafa mini ko farar ƙasa ce. Sa mini kore, ɗan nan. Wata ɗaya ya rage mini, ni ma in kwana a ɗaki mai kyau kafin in tafi."

Farin fenti mai gidan ya sayo. Mai Fenti ya jingine tsaninsa, ya fita yana share ido da hannun riga, ya je ya sayo mata koren da kuɗin aljihunsa.