Muryar Mas'udu a Akwatin Majigi

A Mairuwa akwai wani dattijo, Malam Rabo, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran rediyo. Har yau yana da wata amfilifaya, na'urar ƙara sauti, mai kwalabe biyu da ya haɗa da hannunsa. In an kunna ta, kwalaben sai su yi ja a hankali kamar garwashi, su ɗauki ɗumi, sannan sauti ya fito. Ƙarfinta bai wuce wat uku ba.

Matarsa, Hajiya Barakatu, tana da wani kaset guda. Wanta Mas'udu ne ya aiko da shi daga Makka, a zamanin da ake aika gaisuwa a kaset maimakon wasiƙa. Can ya rasu. An taɓa sa mata muryar a waya, ta saurara ta ce wannan ba Yaya ba ne, wani ne mai mura. Ta amfilifayar Malam kaɗai take gane shi. To ga shi kunnenta ya fara nauyi, 'yar sifikar da ke jikin amfilifayar ta daina isa gare ta. Ta gaya wa Malam tana tsoron ranar da za ta manta yadda Yaya yake kiran sunanta.

Ɗansu Nasir ya ji labari, ya sayo sifika biyu daga Ƙanƙara, baƙaƙe, irin na gidan biki, sai mutum biyu ke ɗaga ɗaya. Kowa ya ce yau har maƙwabta sai sun ji. Aka jona su da amfilifayar. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa kamar daga rijiya, da aka ƙure maɓalli kuma ta dagule. Nasir ya ce a jefar da kwalaben nan a huta.

Malam ya danna fuskar sifikar da yatsa, ya ji ta da tauri kamar ƙirgi. Sai ya gane ba ƙarfin ne ya gaza ba, kayan ne suka yi nauyi. Ya tuna motar majigi ta lokacin yarintarsa, yadda akwatin sifika ɗaya kan cika fili da sauti. Ya kuwa san inda irin akwatin nan yake: Tafoki, gidan abokinsa Alhaji Gide. Sai ya nufi can.

"Akwatin da nake ajiyar irin wake ka zo nema? Tsufa ya kama ka, Malam," in ji Alhaji Gide.

"Tare ya kama mu, Alhaji. Juye waken, randa zan kawo maka."

Sifikar da ke ciki mai faɗi ce, fuskarta takarda mara nauyi, ko huci ka yi sai ta motsa. Ɓera ya ɗan taɓa gefenta. Malam ya liƙe wurin da ƙaro da siririyar takarda, ya bar shi ya bushe kwana biyu.

Bayan la'asar ya shimfiɗa wa Hajiya tabarma a gaban akwatin. Kwalabe suka yi ja. Bai kai maɓallin ko rabi ba, sai ga murya ta cika ɗakin, har da jan numfashin mai ita.

"Barakatu, auta, kina jina?"

"Ina jin ka, Yaya," ta amsa.

Ta ɗora hannunta a kan katakon akwatin. Can ta juyo.

"Rage kaɗan, Malam. Yaya bai taɓa ɗaga murya ba."