Kwarin da Eriya Ba Ta Ji

A ƙauyensu da ke bayan Minjibir, babu wanda bai yi wa Aina'u dariya ba ran da ta kafa doguwar eriya a gefen rumbu. Ita kuwa ko a jikinta. Malamar kimiyya ce, tana da lasisin rediyon nan na masu sha'awa, wanda ake aika saƙo da shi, ba sauraro kaɗai ba. Mahaifinta, Malam Lawan, tsufa ya taɓa masa tunani, yakan fita ya manta hanyar gida. Sai ta saka wata ƙaramar na'ura a burgamin da ba ya rabuwa da shi. Duk bayan minti biyu na'urar ta aiko da inda yake, eriya ta cafke, kwamfutar ɗakinta ta miƙa wa intanet, ɗigo ya fito a taswirar wayarta.

Wata Asabar cikin damina, dawa ta fi tsayin mutum, saƙo ya ɗauke da ƙarfe sha ɗaya. Har azahar shiru, ga hadari ya haɗo daga gabas.

Yayanta Tajuddeen, wanda ba ya yarda da dabarar da ba shi ya kawo ba, ya tara maƙwabta a ƙofar gida.

"Tarkacen nan naki ya mutu," in ji shi. "Bakin titi za mu nufa, ƙila mota ya hau."

Tsoro ya kama ta sosai, amma ba ta yi gardama ba. Ta zauna a dakali ta bi ɗigogin safiyar ɗaya bayan ɗaya. Ba yawon wanda ya ɓata ba ne. Baba ya miƙe sak daga gindin tsamiya zuwa tsohuwar rijiya, ya karya kwana, ya sake miƙewa, ya sake karyawa. Nan take ta gane. Iyakar gonar kakansu yake bi, yadda manoma ke zagayawa su duba ko an ci musu iyaka, alhali an raba gonar gado tun tana goye. Kusurwa ta huɗu tana cikin kwarin rafi. Ta taɓa zaga ƙauyen nan kaf da na'urar a hannu, ta san kwarin ne kaɗai eriyarta ba ta ji. Kuma da zarar an yi ruwa, cika yake yi har wuyan mutum.

"Yaya, na'ura lafiyarta ƙalau. Baba yana kwari. Tayar da babur."

Ya dubi fuskarta, ya tayar da babur, ta hau bayansa.

An fara yayyafi suka sami Baba zaune, taɓo ya riƙe masa ƙafa ɗaya har gwiwa, hannunsa dafe da tushen gambar da ke nuna iyaka. Suka cicciɓo shi zuwa tudu. Ba su gama hawa ba ruwa ya ɓarke.

Ta lulluɓa masa mayafinta. Ya dube ta da kyau, irin kallon da ake yi wa baƙuwa mai kirki.

"Allah ya yi miki albarka, yarinya," ya ce. "Ai ban damu ba. Ina da wata 'ya a gida, duk inda na shiga ta sani."